Bohol ɗin Layinmu da Bututun Ƙasan Teku: Wa Ya Ce Hausa Ba Ta Ɗaukar Lissafi?



Akwai maganar da muka gaji da ji, a nan zaure da kuma wajen taron ƙungiya: wai Hausa harshen soyayya ne da wa'azi da siyasa, da an zo kan kimiyya dole a koma Turanci. Masu faɗar haka cikin tausayi suke faɗa, kamar uban da ke ba da uzurin ɗansa mara lafiya. Mu ba mu yarda ba, kuma yau ba musun baki muka zo yi ba. Mun nemo batun da ya fi kowanne nisa da Kano, wato yadda injiniyoyi suke lissafa matsin ruwan da zai sa bututun mai na ƙasan teku ya lotse, za mu warware shi da Hausa tun daga tushe. In mun kasa, ga fili nan a ƙasa, ku faɗa mana ba kunya. In mun iya, a daina jingina wa harshe laifin lalacinmu.

Da gida za mu fara, don a gida abin ya cije mu.

Bara mutanen layinmu a Fagge suka gaji da sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, aka yi karo-karo aka haƙa bohol a jikin masallaci. Mai kanti ya ba da nasa, mai faci ya ba da nasa, matan aure suka ciro daga adashi. Ruwa ya zo, yara suka yi ta tsalle. Ba a yi wata biyar ba ruwan ya fara zuwa da laka, daga nan ya ɗauke. Aka zo ciro sumo, ya ƙi fitowa. Wani dattijon falamba da aka kira ya ja igiyar, ya saki, ya sake ja, sannan ya ce, "'Ya'yana, fayif ɗin ne ya lotse a ƙasa, ya danne sumon. Ku yi haƙuri da wannan ramin."

Nan fa kowa ya kawo nasa bayanin. Wasu suka ce ƙasar wurin ce ba ta da kyau. Wasu suka ce mai haƙa ne ya cuce mu. Har da masu cewa hannu aka sa. Babu mutum ɗaya da ya tambayi kaurin bangon fayif ɗin da aka zura, har da mu da muke da difloma a aljihu, kuma mu muka rubuta wa kwamiti takardar neman taimako da Hausa mai daɗi.

Daga baya muka shiga Sabon Gari, wajen shagunan masu sayar da injin ruwa da fayif a gefen France Road. Mai shago ya ciro mana guntaye biyu. Faɗinsu ɗaya, launinsu ɗaya, sai ka kalli bakinsu za ka ga ɗaya ya fi ɗaya kauri da milimita biyu ko uku. Ya ce, "Malam, ni duka biyun nake sayarwa. Amma kowa mai sauƙin yake ɗauka, wai ai a ƙasa za a binne, wa zai gani?" Bai ɓoye wa kowa komai ba. Mutane ne suke ganin milimita uku ba komai ba ne, saboda babu wanda ya taɓa gaya musu, da harshen da suke ji, abin da milimita ukun ke riƙe da shi.

Abu na farko da za a riƙe shi ne, fashewa daban, lotsewa daban. Idan ruwa yana cikin fayif yana turo bangon waje, jan bangon yake yi, wannan jan kuwa ƙara zagaye fayif ɗin yake yi. Ko da ya ɗan baje a gefe, matsin ciki zai miƙar da shi, yadda tiyo mai laushi ke cika ya zama zagayayye da an kunna injin. Matsin waje kuma danne bangon yake yi ta ko'ina. Muddin da'irar ta cika, kowane ɓangare yana tokare da na kusa da shi, yadda bakan gizon da magina suka ɗaura ke ɗauke da rufin soro a Gidan Makama. Amma da wuri ɗaya ya ɗan baje, tokarar ta ragu a nan. Ruwa ya ƙara tura shi, ya ƙara bajewa, tokarar ta ƙara raguwa. Matsin ciki yana gyara aibin fayif, matsin waje yana ciyar da aibin gaba. Shi ya sa lotsewa ba ta sallama: fayif yana nan lafiya, yana nan lafiya, sai ya rufta lokaci ɗaya. Duk wanda ya taɓa zuƙar iskar gorar roba har ta mokaɗe a bakinsa ya ga wannan da idonsa.

Ku ɗauki karan dawa, ku ja shi ta ƙarshe biyu, da wuya ya tsinke. Ku tura ƙarshen biyu zuwa juna, zai tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ya lanƙwashe gefe ya karye. Leonhard Euler ya fitar da lissafin wannan lanƙwashewa a 1744. Bangon fayif kara ne da aka naɗe ya zama zobe, kuma a 1884 Bafaranshe Maurice Lévy ya wallafa lissafin matsin da zobe zai ɗauka kafin ya lotse. Dokar da ta fito ba ta da wuyar faɗa. Ƙarfin fayif a gaban matsin waje ya dogara da abu biyu: taurin abin da aka yi shi da shi, da kuma kaurin bangonsa in an gwada da faɗinsa. Na biyun nan ne mai haɗari, domin ba sau ɗaya yake shiga lissafin ba, sau uku ake ninka shi da kansa. In ka ninka kauri biyu, ƙarfin ya ninku biyu sau biyu sau biyu, wato takwas. In ka rage rabin kauri, abin da ya saura kashi ɗaya ne cikin takwas. Ko kashi 20 cikin ɗari kawai ka rage, kusan rabin ƙarfin ya tafi.

Mu sa lambobi. Kowane zurfin mita 10 na ruwa yana ƙara matsin bar ɗaya, wato kimanin nauyin kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. Fayif na roba mai faɗin milimita 125, irin wanda ake zura wa bohol, in bangonsa milimita 6 ne, lissafi ya ce zai ɗauki kimanin bar 8 daga waje, wato ruwa mai tsayin mita 80. In bangon milimita 3 ne, bar ɗaya kacal zai ɗauka, mita 10. Wannan ma ga sabon fayif ne wanda da'irarsa ta cika. Wanda aka jibge a rana, aka ɗora masa 'yan uwansa har ya ɗan baje, bai kai haka ba, roba kuma tana gajiya in nauyi ya daɗe a kanta. Lambar nan da ake bugawa a jikin fayif, bar 6 ko bar 10, maganar matsin ciki take yi. Ba ta yi wa kowa alkawarin komai game da matsin waje ba.

Ina bohol ya samo matsin waje? Duk lokacin da sumo ya ja, ruwan cikin fayif yana sauka ƙasa, ruwa da lakar da ke bayan bangon kuwa suna nan a samansu. Tazarar da ke tsakani ita ce matsin. Abin ya fi muni ranar da ake wanke rami da iskar kwamfaresa, don a lokacin cikin fayif yana iya zama fayau farat ɗaya, da kuma ranar da ake zuba siminti a bayansa, domin kwaɓin siminti ya kusa ninka ruwa nauyi, kuma yana yin zafi in zai daskare, zafi kuwa yana sa roba laushi. Wannan ne abin da ba mu sani ba ranar da muke zaɓen mai sauƙi.

Yanzu ku riƙe wannan doka ku biyo mu kudu, ku wuce inda ƙasar Nijeriya ta ƙare. Rijiyoyin Bonga, da suka fara ba da mai a 2005, suna can kimanin kilomita 120 daga gaɓa, a ƙarƙashin ruwan da ya wuce mita 1,000. Agbami, da ya fara a 2008, zurfinsa ya kusa mita 1,500. Egina, da ya fara a ƙarshen 2018, shi ma ya haura mita 1,400. A zurfin mita 1,500 matsin ya kai kimanin bar 150. Ku ɗauki wuri mai faɗin farcen ƙaramin yatsa ku ɗora masa buhun siminti uku. Haka kowane irin wannan wuri a jikin bututu yake ɗauka, dare da rana, shekara da shekaru.

Man yana fitowa daga ƙasan teku ne zuwa wani katafaren jirgi da ke karɓarsa yana adanawa, jirgin kuwa igiyar ruwa ba ta barinsa ya tsaya wuri ɗaya. Saboda haka a wurare da yawa, har da Agbami, ana amfani da bututun da ke lanƙwasa yana bin motsin jirgin. Ga matsalar: dokarmu ta ce a ƙara kauri, amma ƙarfe mai kauri ba ya lanƙwasa. Yaya za a yi abu ya zama mai laushi a tsawonsa, mai tauri a zagayensa?

Amsar tana rataye a shagunan Sabon Gari. Ku dubi tiyon zuƙo ruwa na masu noman rani da na motocin tanka, mai murɗaɗɗiyar waya ko roba mai tauri a jikinsa. Ba don ado aka sa ta ba. In babu ita, da injin ya ja tiyon zai manne. Ku dubi kuma tiyon shawa na ƙarfe, wanda aka yi da siririn falle guda da aka naɗa, kowane zagaye ya maƙale bakin na gabansa. Yana lanƙwasa yadda kake so, amma matsa shi da yatsa ka gani. Tunanin ke nan da aka girmama. Tun a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an shimfiɗa bututun dalma mai rigar ƙarfe a ƙasan ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa don kai wa sojoji fetur. Irin na zamani kuwa daga Cibiyar Man Fetur ta Faransa ya fito, kamfanin Coflexip ya fara ƙera shi a farkon shekarun 1970.

Bututun hawa-hawa ne, kuma ba a manne hawan da juna, don kowanne ya iya zamewa a kan ɗan uwansa. Can ciki akwai fallen ƙarfen da ba ya tsatsa, naɗaɗɗe maƙalalle irin na tiyon shawa. Mu kira shi haƙarƙari, domin aikinsa ke nan, hana ƙirji ruftawa. A kansa akwai rigar roba da ke hana mai fita. A kanta akwai wayar ƙarfe mai kauri da aka naɗa kusa da kusa don tare matsin ciki. Mu kira ta sulke. Sannan wayoyin ƙarfe hawa biyu, ɗaya ya murɗa dama ɗaya hagu, su ke ɗauke da nauyin bututun in an rataye shi. Daga waje sai fatar roba da ke hana ruwan teku shiga.

Wani zai ce, ai man da ke ciki yana turo bangon waje, ina tsoron? Tsoron yana ranar da babu shi: lokacin shimfiɗa bututun yana fanko, ko ranar da aka tsayar da aiki aka sauke matsin ciki. Muddin fatar waje lafiya take, sulke da haƙarƙari tare suke ɗaukar nauyin teku. Amma fata tana yagewa, ko wajen shimfiɗawa ko ta gogar wani abu. In ta yage, ruwa zai ratsa tsakanin wayoyi ya wuce sulke, ya je ya danne rigar ciki kai tsaye, a bar haƙarƙari da nauyin. Injiniyoyi suna kiran wannan lotsewar jiƙe, kuma ita suke sa wa a gaba wajen ƙira, domin ba sa gina lissafinsu a kan fatan cewa fata ba za ta taɓa yagewa ba. Akwai ma wata hanyar: iskar gas tana ratsa roba a hankali ta taru a bayanta, in aka sauke matsin ciki da gaggawa sai ta turo haƙarƙari ciki.

To yaya ake sanin iyakar haƙarƙari kafin a jefa shi teku? A nan kwaikwayo da lissafi ya shigo, kuma mataki-mataki ne. Na farko, tunda haƙarƙari ba bango ne sumul ba, ana neman zobe sumul wanda taurin lanƙwasarsa ya yi daidai da nasa, a ce wannan shi ne wakilinsa, a sa shi cikin dokar Lévy. Wannan yana da sauri, amma amsar da yake bayarwa ta cika kyau, domin ya ɗauka da'irar ba ta da aibi. Na biyu sai a shigar da aibin. Babu bututun da ke fita daga masana'anta da cikakkiyar da'ira, kowanne ya ɗan ja zuwa siffar ƙwai. Stephen Timoshenko, a littafinsa na 1936 kan tsayuwa da ruftawar sassan gini, ya nuna yadda ake haɗa wannan ɗan bajewa da iyakar da ƙarfe ke kaiwa ya sallama. Ƙa'idojin da Cibiyar Man Fetur ta Amurka ta tsara wa irin wannan bututu sun ce ko ba a auna ba, kada mai lissafi ya ɗauki bajewar ƙasa da kashi 0.2 cikin ɗari. Ido ba zai ga wannan ba, amma teku yana gani.

Na uku, a duba maƙwabta. In haƙarƙari zai lotse shi kaɗai, gefe biyu za su shiga ciki, gefe biyu su bullo waje, ya zama kamar ƙwai sannan kamar lamba 8. Amma sulke yana kewaye da shi, yana hana shi bullowa. In sulken ya matse shi sosai, dole ya nemi wata hanya: wuri ɗaya ya lotsa ciki, bakin bututun ya koma siffar zuciya, irin wadda muke sa wa a bangon littattafanmu na soyayya. Wannan hanya tana buƙatar matsi mafi yawa, wato sulke ya ƙara masa ƙarfi ko da shi bai ɗauki ruwan ba. Saboda haka 'yar ratar da ke tsakanin hawa da hawa, ko ba ta kai milimita ɗaya ba, tana canza amsa. Haka ma lanƙwasa: bututun da aka tanƙwara ya fi miƙaƙƙe saurin lotsewa, kuma inda ya fi tanƙwara shi ne wajen da ya sauka ya taɓa ƙasan teku, inda matsi ya fi ko'ina yawa.

Na huɗu, tunda hannu ba zai iya haɗa duk wannan ba, sai a zana haƙarƙarin a kwamfuta yadda yake, a gutsuttsura shi zuwa dubban ƙananan sassa, a gaya wa kowane sashe yadda ƙarfe ke miƙewa da yadda yake gogar na kusa da shi, a dinga ƙara matsi kaɗan-kaɗan har zanen ya rufta. Na biyar, wanda babu shi sauran duk zance ne: a yanko guntun bututu na gaske, a rufe shi a tukunyar ƙarfe mai kauri, a dinga tura ruwa har ya lotse, a gwada da abin da kwamfuta ta faɗa. In sun saɓa, lissafi ake gyarawa.

Shi ke nan. Daga karan dawa zuwa ƙasan Agbami, ba mu buɗe baka biyu mun cusa Turanci ko sau ɗaya ba. Yanzu mu koma kan masu musu, don muna jin abin da za su ce.

Na farko za su ce babu kalmomi. Lotsewa, ruftawa, mokaɗewa, bajewa, tanƙwara, tokara, rata, sulke, haƙarƙari: wanne muka ƙirƙira? Duk a bakin falamba da magini da mai walda muka same su. Inda mutane suka riga suka ari kalma suka Hausantar da ita, kamar fayif da tiyo da sumo, mun bi su. Laifi biyu muke yi a nan. Wasunmu suna zuba Ingausa, kowace jimla rabinta Turanci, su ce wai ci gaba ne. Wasunmu kuma suna zama a ɗaki su ƙera wata doguwar kalma da ko mahaifiyarsu ba za ta gane ba, alhali mai sana'ar yana da tasa a bakin titi. Duka biyun gudun abu ɗaya suke yi: tashi a je a tambaya, da zama a fahimci abu kafin a rubuta shi. Wanda bai gane abu ba, ba zai iya faɗarsa da kowane harshe ba. Turanci dai yana ba shi inda zai ɓuya.

Kuma ba mu ne farau ba. Tun kafin samun 'yancin kai Abubakar Imam da Rupert East suka rubuta Ikon Allah, suna bayyana wa ɗan makaranta halittu da yadda duniya ke tafiya. Umaru Dembo ya kai yaron Hausa sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Su ba su da intanet, ba su da waya a tafin hannu. Mu da muke da su, me muka ƙara a kan abin da suka bari?

Na biyu za su ce ba mai karantawa. Ku tuna watan Yunin 2023, lokacin da ƙaramin jirgin nan mai nutso, Titan, ya ɓace da mutum biyar a kan hanyarsa ta zuwa ganin ragowar Titanic, da ke kwance a zurfin kusan mita 3,800. Kwana huɗu ana maganarsa a teburin mai shayi da cikin adaidaita. Da aka ce matsin ruwa ne ya murƙushe shi lokaci ɗaya, kowa tambaya yake yi: yaya ruwa zai murƙushe jirgi? Masu tambaya suna nan. Mu ne ba mu da amsa, sai muka bar fili ga masu jita-jita. Mun yarda irin wannan rubutu ba zai yi kasuwa kamar labarin kishiya ba, kuma ba mu ce kowa ya bar soyayya ba. Amma jaruman littattafanmu nawa ne aka ce injiniyoyi ne ko likitoci, har littafi ya ƙare ba mu ga sun taɓa aikin ba, sai hawa mota da sauka? Da marubuciya za ta san abin da mai haƙa bohol yake tsoro ranar zuba siminti, da ta samu babi guda mai sa gaban mai karatu faɗuwa.

Na uku za su ce mu ba injiniyoyi ba ne, kada mu ɓatar da mutane. Wannan ita ce magana mafi nauyi, kuma mun karɓe ta. Maƙala ba ta maye gurbin injiniya, kuma marubucin da ya juya lamba ɗaya zai iya jawo asara. Amma maganin wannan shi ne a yi aikin da kyau: a karanta, a yi lissafin da hannu, a kai wa malamin da ya san fannin ya duba. Malaman nan suna Jami'ar Bayero, suna kwalejojin kimiyya da fasaha, da yawansu Hausa suke yi a gida. Yin shiru ba ya kare kowa daga ɓata. Mun yi shiru a layinmu, kuma ga ramin nan an rufe bakinsa da bulo.

Na huɗu za su ce ina ruwan Kano da teku. Kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa duk wata daga asusun tarayya, har da Fagge, akwai kuɗin man da ya bi ta waɗannan bututu a cikinsa. Bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, nan ya nufo. Ƙannenmu suna neman aiki a wannan fanni, suna tarar da waɗanda tun suna yara suke jin maganarsa. Ko duk an ajiye wannan, doka ɗaya ce ke aiki a mita 1,500 da mita 40. Bambancin shi ne can ana biyan mutane su yi lissafi kafin a saka bututu, nan kuwa bayan ya lotse muke neman wanda za mu zarga.

Na ƙarshe za su ce mai son ilimi ya koyi Turanci. Ya koya, mu ma mun koya. Amma wa yake yanke shawarar fayif ɗin da za a saya? Ma'ajin kwamitin masallaci ne, da Hajiyar da ta ba da kaso mafi tsoka, da yaron mai haƙa da aka aika kasuwa da kuɗi a aljihu. Su za mu ce su koma aji kafin su san rabin kauri kashi ɗaya ne cikin takwas na ƙarfi? Jimla ɗaya ce, kuma mun faɗe ta yanzu da Hausa.

Saboda haka ga abin da muke nema a wannan mako. Kowane ɗan zaure ya rufe wayarsa na awa biyu ya je wajen mai sana'a ɗaya: falamba, mai walda, mai naɗin injin, mai haɗa sola, mai rini. Ya tambaye shi abu ɗaya da ke lalacewa a aikinsa da dalilin lalacewar. Ya rubuto mana shi a kalmomi 300, da kalmomin mai sana'ar, ba baka biyu, ba Ingausa. Inda ya ga bayanin mai sana'ar bai cika ba, ya nemi malami ya cike. Za mu karanta, mu yi wa juna gyara a nan.

Wanda kuma unguwarsu ke shirin haƙa bohol, ya kai musu tambaya uku kafin a biya kuɗi: milimita nawa ne kaurin bangon fayif ɗin, zurfin mita nawa ruwan ciki zai iya sauka in ana ja ko ana wankewa, kuma wane matsin waje masu ƙera shi suka ce yana ɗauka? In mai haƙa ya amsa, kun samu na kirki. In ya ce duk ɗaya ne, ku nuna masa lissafin da ke sama.

Mutanen layinmu sun fara sabon karo-karo. Wannan karon mu aka ɗora wa zuwa kasuwa, kuma mun ari ma'aunin kauri a wajen wani mai gyaran injin a Sabon Gari.

Allah Ya sa mu dace. Muna jiran masu musu a ƙasa.